Layi Ɗaya Ya Fito Sau Biyu Alhali Akwai Babban Mabuɗi: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

An kira ka an ce sunan mutum ɗaya ya fito sau biyu a rahoto, ko an tura wa mamba saƙo iri ɗaya har biyu, ko jimillar wata ta ninka ba dalili. Ka buɗe rumbun bayanai, sai ga layuka biyu kamar an tsaga kara. Ga shi kuma ka san an sa wa teburin `PRIMARY KEY`, wato babban mabuɗin da aikinsa ke nan hana irin wannan. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne rumbun ya lalace, hannu kuma ya nufi `DELETE`. Dakata da duka biyun tukuna.

Babban mabuɗi alkawari ɗaya ya ɗauka: ginshiƙin da aka ɗora shi a kai, ko ginshiƙan idan sun fi ɗaya, ba za su maimaita ƙima a layuka biyu na teburin ba. Bai san mutum ba, bai san ciniki ba, bai san abin da kai kake kira "abu ɗaya" ba. A mafi yawan lokutan da na zauna kan irin wannan matsala, mabuɗin yana nan yana aikinsa, abin da aka ba shi tsaro ne ba shi ne abin da ake so a tsare ba. Lalacewar rumbu tana faruwa, za mu zo kanta, amma ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma.

Zan yi misali da teburi mai suna `mambobi`, mai ginshiƙai `lamba`, `suna` da `imel`, da wani mai suna `biya` wanda ke nuni zuwa gare shi ta `lambar_mamba`. Umarnan na PostgreSQL ne, inda wasu rumbunan suka saɓa zan faɗa.

Mataki na 1: Tabbatar a cikin teburin tagwayen suke

Kada ka yarda da abin da allon manhaja ko rahoto ya nuna. Tambayi teburin shi kaɗai, ba tare da haɗa shi da komai ba:

```sql
SELECT lamba, COUNT(*)
FROM mambobi
GROUP BY lamba
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Idan bai dawo da komai ba, galibi mabuɗin bai karya alkawari ba. Ko dai maimaicin yana wani ginshiƙi, wanda shi ne mataki na 2, ko kuma hanyar karanto bayanan ce ke haifar da shi.

Babban mai laifi a nan shi ne `JOIN`. Mamba ɗaya da ya yi biya uku zai fito sau uku idan aka haɗa `mambobi` da `biya`, kuma haka ya kamata. In aka ƙara haɗawa da wani teburin inda yake da adireshi biyu, ya zama shida, duk wani `SUM` da aka yi a kai kuma ya kumbura. Maganin da aka fi gudu gare shi shi ne a liƙa `DISTINCT` a gaba. Ban son wannan, domin yana rufe layukan da ido ke gani ne kawai, lissafin da ke ƙasa yana nan a karkace. Cire haɗe-haɗen ɗaya bayan ɗaya kana ƙirga layuka, inda adadin ya faɗo nan matsalar take. Duba kuma ko abin da kake karantawa `VIEW` ne mai `UNION ALL` a ciki.

Akwai wasu hanyoyi uku da ido ke ganin tagwayen da babu su. Rarraba sakamako shafi-shafi da `LIMIT` da `OFFSET` ba tare da `ORDER BY` a kan ginshiƙi marar maimaici ba yana iya kawo layi ɗaya a shafi na biyu da na uku. A SQL Server, karatu da `NOLOCK` yana iya ƙirga layi sau biyu idan ya canza wuri ana tsakiyar karantawa. Sai manyan lambobi: JavaScript ba ya riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta wuce 9007199254740991, don haka 9007199254740993 za ta koma 9007199254740992 a burauza, lambobi biyu mabambanta su zama ɗaya a allo. Excel ma alƙaluma 15 yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili.

Mataki na 2: Karanta abin da mabuɗin ke tsaro a zahiri

Kada ka dogara da takardar tsarin da aka rubuta shekarun baya, ko abin da ke cikin rubutun manhaja. Tambayi rumbun da ke aiki yanzu. A PostgreSQL rubuta `\d mambobi` a cikin psql, manhajar da ake ba shi umarni da ita. A MySQL, `SHOW CREATE TABLE mambobi`. A SQL Server, `sp_help 'mambobi'`. A SQLite, `.schema mambobi`.

Nan ne aka fi samun amsa. Za ka tarar mabuɗin yana kan `lamba`, ita kuma rumbun ne ke ƙirƙirar ta da kansa duk lokacin da aka shigar da layi, ta `AUTO_INCREMENT` ko `SERIAL` ko `IDENTITY` ko UUID, wato doguwar lambar da aka tsara don kada ta maimaitu. Ka shigar da mutum ɗaya sau goma, zai samu lambobi goma mabambanta, mabuɗin kuma bai ga laifi ba ko sau ɗaya. Irin wannan lamba tana da amfani sosai wajen haɗa tebura, amma ba ta hana maimaicin abin da ke waje da kwamfuta. Wannan aikin sai an sa ƙa'idar `UNIQUE` a kan abin da ya bambanta mutum da mutum a aikinku, imel ne ko lambar rajista ko haɗin ginshiƙai biyu. Sake tambayar farko a kan wannan ginshiƙin:

```sql
SELECT imel, COUNT(*), MIN(lamba), MAX(lamba)
FROM mambobi
WHERE imel IS NOT NULL
GROUP BY imel
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Idan mabuɗin na ginshiƙai biyu ne ko fiye, haɗinsu ne ba ya maimaituwa, kowanne shi kaɗai yana iya maimaituwa son ransa. Wannan ya fi kama mutane a teburan da aka rarraba kashi-kashi bisa kwanan wata. PostgreSQL da MySQL duka suna tilasta a sa ginshiƙin rabon a cikin babban mabuɗi. Sai mai tsarawa ya mayar da mabuɗin `lamba` da `rana`, daga ranar kuma lamba ɗaya tana iya zama a kashin Janairu ta kuma zauna a na Fabrairu. Haka idan lokaci yana cikin mabuɗi: allo ya nuna maka 10:15:07 a layuka biyu, alhali a ajiye sun bambanta da ɗan ɓurɓushin daƙiƙa.

PostgreSQL yana da wani tsohon tsari na gadon teburi da `INHERITS`. Mabuɗin uwa ba ya ratsa 'ya'yan, amma `SELECT` a kan uwa yana kwaso layukansu duka. Ƙara `tableoid::regclass` a cikin abin da kake zaɓa, zai faɗa maka teburin da kowane layi ya fito.

Sai batun `NULL`, wato gurbin da ba a sa masa ƙima ba. Ƙa'idar `UNIQUE` a PostgreSQL, MySQL da SQLite tana barin layuka da yawa su zauna da `NULL`, domin a wurin SQL abin da ba a sani ba ba a cewa ya yi daidai da wani abin da ba a sani ba. SQL Server shi guda ɗaya yake bari. Idan ƙa'idar ta haɗa ginshiƙai biyu kuma ɗaya `NULL` ne, tagwaye za su yi ta shiga a rumbunan farko ba mai tare su. Daga siga ta 15 PostgreSQL ya kawo `UNIQUE NULLS NOT DISTINCT` don toshe wannan. SQLite kuma yana da wani hali da ya gada daga tsohon kuskure: babban mabuɗin da ba `INTEGER PRIMARY KEY` ba yana karɓar `NULL` a teburi na yau da kullum, sai in an rubuta `NOT NULL` ƙarara.

Mataki na 3: Duba abin da ido ba ya gani

Mabuɗin yana kan ginshiƙin rubutu, tambayar ƙirga ba ta kama komai ba, amma ga layuka biyu a gabanka iri ɗaya sak. To ba iri ɗaya ba ne. Rumbu bayit-bayit yake ajiya, sai ka duba su yadda yake ganinsu:

```sql
SELECT lamba, '[' || imel || ']', length(imel), octet_length(imel),
       encode(convert_to(imel, 'UTF8'), 'hex')
FROM mambobi
WHERE lamba IN (412, 9087);
```

A MySQL `HEX(imel)` ne, a Oracle `DUMP(imel, 16)`, a SQL Server a mayar da shi `varbinary`. A SQL Server ɗin ka yi amfani da `DATALENGTH`, domin `LEN` ba ya ƙirga sararin da ke ƙarshen rubutu.

Jera sakamakon biyu ka bi su a hankali. `20` a ƙarshe sarari ne na yau da kullum. `c2a0` sarari ne marar karyewa, wanda ke biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet, kuma `TRIM` ba ya cire shi. `e2808b` sarari ne marar faɗi ko kaɗan. `0d` a ƙarshe ragowar ƙarshen layi ne na fayil ɗin da aka yi a Windows. `efbbbf` a farkon layin farko alama ce da wasu manhajoji ke sawa a kan fayil ɗin CSV. Harafin a na Latin `61` ne, akwai kuma takwaransa na rubutun Rashanci, `d0b0`, wanda ba ka iya bambanta su da ido. Harafin é yana iya zuwa a dunƙule, `c3a9`, ko a rabe, `65cc81`. Daga siga ta 13 PostgreSQL yana da `normalize()` mai daidaita su.

Mai ajiye rubutun Hausa yana da nasa ƙarin. Alamar da ke cikin Sa'idu ko 'ya'ya tana zuwa da fuska aƙalla uku gwargwadon madannan da aka yi rubutun da su: `27`, `e28099` da `cabc`. Kuma ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b haruffa ne mabambanta a ajiye, don haka wanda aka rubuta sunansa da lanƙwasa yau, gobe ba lanƙwasa, ya zama mutum biyu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a ɗora mabuɗi a kan suna.

Babban baƙi da ƙarami kuma ya danganta da tsarin jera haruffa da aka zaɓa wa ginshiƙin. PostgreSQL a yadda yake zuwa yana bambanta A da a. MySQL 8.0 yana zuwa da `utf8mb4_0900_ai_ci`, wanda ba ya bambanta su, amma yana ƙirga sararin ƙarshe, alhali tsohon `utf8mb4_general_ci` ba ya ƙirga shi. Ke nan teburin da ya shekara yana ƙin karɓar maimaicin rubutu mai sarari a wutsiya yana iya fara karɓa bayan an sauya masa tsari.

Mataki na 4: Mabuɗin yana aiki kuwa?

Idan tambayar mataki na 1 ta dawo da layuka, wato lamba ɗaya ta fito sau biyu da gaske, sai a tambaya ko mabuɗin yana raye.

Wani lokaci babu shi ma sam. `CREATE TABLE ... AS SELECT` da `SELECT ... INTO` suna kwafe layuka amma ba sa kwafe babban mabuɗi. Wani ya yi kwafi lokacin gyara, ya sauya wa kwafin suna zuwa na asali, an wuce wurin. Ko an cire mabuɗin don a hanzarta loda bayanai masu yawa aka manta mayar da shi.

A Oracle ana iya kashe ƙa'ida a bar ta a rubuce, ko a kunna ta da `ENABLE NOVALIDATE` ta riƙa tare sababbin layuka ba tare da ta binciki tsofaffi ba. Duba `status` da `validated` a `user_constraints`. A SQL Server duba `is_disabled` a `sys.indexes`. A MySQL, `unique_checks=0` yana ba InnoDB, injin ajiyarsa, damar tsallake binciken maimaici a fihirisar `UNIQUE` da ba babban mabuɗi ba (fihirisa ita ce jerin ƙimomin da rumbu ke nema a ciki), kuma fayil ɗin da mysqldump, manhajar ɗaukar kwafin ajiya, ke fitarwa yana sa wannan a farkonsa, bisa zaton bayanan da ke ciki tsaf suke. A PostgreSQL nemi fihirisar da gininta bai kammala ba:

```sql
SELECT indexrelid::regclass FROM pg_index WHERE NOT indisvalid;
```

Akwai kuma rumbunan da tun asali ba sa tilasta babban mabuɗi. Amazon Redshift, Google BigQuery da teburan Snowflake na yau da kullum suna karɓar `PRIMARY KEY` a matsayin bayani ne kawai. BigQuery ma sai ka rubuta `NOT ENFORCED` da hannunka. A ClickHouse mabuɗin na jera bayanai ne, ba na hana maimaici ba. Abin da ya fi damuna shi ne Redshift yana gaskata mabuɗin wajen tsara yadda zai amsa tambaya, don haka in akwai tagwaye yana iya ba da amsa marar daidai ba tare da wani gargaɗi ba. A irin waɗannan wurare tsaron yana wuyan mai loda bayanai.

Mataki na 5: Lalacewar fihirisa

Mabuɗi yana nan, yana kunne, rumbun mai tilastawa ne, lamba ko rubutu ɗaya kuma ya fito sau biyu bayit da bayit. Yanzu ne ake zancen lalacewa.

Rumbu ba ya karanta teburi gaba ɗaya kafin ya karɓi sabon layi. Fihirisa yake dubawa, wadda aka jera kamar ƙamus: ya buɗe inda ƙimar ta kamata ta kasance, in bai gan ta ba ya ce babu. Idan jerin ya hargitse, zai duba inda ba nan take ba, ya karɓi na biyu da zuciya ɗaya. Alamar wannan ita ce amsa tana canzawa gwargwadon hanyar da aka bi: nema ta mabuɗi ya kawo layi ɗaya, karanta teburi duka ya kawo biyu. Ita kanta tambayar ƙirga tana iya bi ta fihirisar ta ɓoye maka gaskiya, don haka a tilasta mata bin teburi:

```sql
SET enable_indexscan = off;
SET enable_indexonlyscan = off;
SET enable_bitmapscan = off;

SELECT imel, COUNT(*), array_agg(ctid)
FROM mambobi
GROUP BY imel
HAVING COUNT(*) > 1;
```

`ctid` shi ne mazaunin layi a cikin fayil, kamar `ROWID` a Oracle. Da shi ake bambanta layukan da komai nasu ɗaya ne.

Sanannen sanadi a PostgreSQL shi ne glibc 2.28, wani ɓangaren manhajar Linux da ya fito a Agustan 2018 da gagarumin sauyi a yadda ake jera haruffa. PostgreSQL a yadda yake zuwa yana aron wannan jerin daga babbar manhajar kwamfuta. Duk wanda ya ɗauki fayilolin rumbu yadda suke daga Debian 9 zuwa 10, ko Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, ko CentOS 7 zuwa 8, bai sake gina fihirisar rubutu ba, ya bar ƙamus da aka jera da tsohuwar ƙa'ida ana nema a cikinsa da sabuwa. Mabuɗan lambobi ba su shiga wannan ba, haka ginshiƙan da ke kan tsarin `C`. Wani sanadin shi ne kuskuren da ke cikin siga 14.0 zuwa 14.3, inda fihirisar da aka gina da `CONCURRENTLY` take iya tsallake wasu layuka. An gyara shi a 14.4 cikin Yunin 2022. Bayan waɗannan sai faifai mai matsala, ɗaukewar wuta a injin da aka kashe wa `fsync`, wato tsarin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, da kwafin ajiya da aka ɗauka ta kwafe fayiloli rumbu yana tsakiyar aiki.

Kayan bincike: a PostgreSQL, `CREATE EXTENSION amcheck` sannan `SELECT bt_index_check('mambobi_imel_key', true)`, ka sa sunan fihirisar da kake zargi. A SQL Server `DBCC CHECKTABLE`, a MySQL `CHECK TABLE`, a SQLite `PRAGMA integrity_check`, a Oracle `ANALYZE TABLE ... VALIDATE STRUCTURE CASCADE`. In an samu ɗaya ta lalace, binciki sauran fihirisar rumbun duka, da wuya ta zama ita kaɗai. Kuma `REINDEX` zai ƙi gina fihirisa marar maimaici muddin tagwayen suna nan, don haka sai an share su tukuna. Daga siga ta 15 PostgreSQL yana gargaɗi idan tsarin jera haruffa ya canza. Umarnin `REFRESH COLLATION VERSION` gargaɗin kawai yake kashewa, ba ya gyara komai, sai bayan an sake gini ake ba da shi.

Mataki na 6: Gano ƙofar da suke shigowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin ka share layi ko ɗaya, karanta abin da tagwayen ke faɗa, domin da zarar an share su shaidar ta tafi. Dubi lokacin da aka shigar da kowane biyu.

Idan tazararsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba kuma lambobinsu na maƙwabtaka, tsere ne. Manhaja tana tambaya "akwai wannan imel?", a ce babu, sai ta shigar. Buƙatu biyu da suka iso tare duka za su ji babu, duka su shigar. Sa su tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` ba ya hanawa a matakin keɓewar da rumbuna ke zuwa da shi, ko `READ COMMITTED` na PostgreSQL, Oracle da SQL Server, ko `REPEATABLE READ` na MySQL. A kwamfutar mai rubuta manhaja ba a ganin wannan, sai jama'a sun yi yawa.

Idan tazarar daƙiƙa 30 ce ko 60 daidai a kai a kai, sake aikawa ne: buƙata ta isa, an ajiye, amsa ta ɓace a hanya, mai aikawa ya gaji da jira ya sake turawa. Idan dubban layuka ne a minti ɗaya, an loda fayil sau biyu ko aikin dare ya gudana sau biyu. Idan kwanaki ne ko watanni a tsakani, mutane ne ke sake rajista, ko hanyoyin shiga biyu ne da ba sa tsabtace rubutu iri ɗaya.

Mataki na 7: Sharewa

Nan ne garin gyaran gira ake rasa ido, don haka a bi a sannu. Ɗauki kwafin ajiya, ka tabbatar yana dawowa. Gwada komai a kan kwafi kafin rumbun gaske.

Wanda za a bari ba hukuncin mai rumbu ba ne shi kaɗai. Tsohon layi ne ke da tarihi, sabon kuma wataƙila shi ke da lambar waya mai aiki. Zauna da masu amfani da bayanan ku yanke ƙa'ida, in akwai abin da za a kwaso daga wanda zai tafi a kwaso. Sannan ka gina taswirar wa zai koma wa, ka ajiye ta a matsayin teburi:

```sql
CREATE TABLE taswira AS
SELECT lamba AS mai_tafiya, mai_zama
FROM (
  SELECT lamba,
         MIN(lamba) OVER (PARTITION BY lower(trim(imel))) AS mai_zama
  FROM mambobi
  WHERE imel IS NOT NULL AND trim(imel) <> ''
) t
WHERE lamba <> mai_zama;
```

Layin `WHERE` na ciki kada ka kuskura ka cire shi. `PARTITION BY` da `GROUP BY` suna tara duk masu `NULL` a rukuni ɗaya, saɓanin yadda `UNIQUE` ke kallonsu. Ba tare da shi ba, duk mambobin da ba su ba da imel ba za a ɗauke su mutum ɗaya, a bar guda a share sauran. Na taɓa ganin an yi haka, kwafin ajiya ne ya ceci aikin.

Karanta taswirar da idonka, aƙalla wasu gomomin layuka. Mutum biyu suna iya amfani da imel ɗaya, su ba tagwaye ba ne. Sannan nemo duk teburan da ke nuni zuwa `mambobi`, har da waɗanda ba a ɗaura musu `FOREIGN KEY` ba, ka mayar da su kan mai zama kafin sharewa. Idan akwai `ON DELETE CASCADE`, share mamba zai tafi da duk biyansa shiru.

```sql
BEGIN;
LOCK TABLE mambobi IN SHARE ROW EXCLUSIVE MODE;

CREATE TABLE mambobi_da_aka_cire AS
SELECT m.* FROM mambobi m JOIN taswira t ON m.lamba = t.mai_tafiya;

UPDATE biya b SET lambar_mamba = t.mai_zama
FROM taswira t WHERE b.lambar_mamba = t.mai_tafiya;

DELETE FROM mambobi WHERE lamba IN (SELECT mai_tafiya FROM taswira);

CREATE UNIQUE INDEX mambobi_imel_daya ON mambobi (lower(trim(imel)));
```

Kafin `COMMIT`, gwada adadin da aka share da adadin layukan taswira, ka kuma tabbatar jimillar `biya` ba ta motsa ba. In wani abu bai yi daidai ba, `ROLLBACK`. Idan gina fihirisar ya ƙi, saura akwai: ko sabon tagwaye ya shigo bayan ka yi taswira, ko akwai layuka masu imel fanko da ya kamata a mayar `NULL`. Na sa ginin a cikin zama ɗaya da sharewar, wato tsakanin `BEGIN` da `COMMIT` guda, don kada a bar tazarar da wani zai kutso. A teburi mai girman gaske wannan zai tsayar da rubutu na ɗan lokaci, sai a zaɓi lokacin da aiki ya lafa, ko a gina da `CONCURRENTLY` daga baya, wanda ba ya gudana a cikin `BEGIN`. A MySQL da Oracle ka sani `CREATE` yana rufe zaman da kansa, ba `ROLLBACK` bayansa, don haka a yi teburan ajiya tun kafin a fara.

Idan matsalar ta mataki na 5 ce, lamba ba za ta raba tagwayen ba tunda ɗaya ce. Da `ctid` za ka share, fihirisa a kashe kamar yadda aka nuna, teburi a kulle, domin `ctid` yana canzawa idan an sabunta layi ko an yi `VACUUM FULL`. Gwada abin da ke cikin layukan biyu da kyau, sau da yawa an yi ta sabunta ɗaya an bar ɗayan. Bayan nan sai `REINDEX`.

Mataki na 8: Gyara manhaja ta san da sabuwar ƙa'ida

Share tagwaye ba tare da wannan ba kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Da zarar ƙa'idar ta hau, abin da ke shiga shiru a da zai fara dawo da kuskure: 23505 a PostgreSQL, 1062 a MySQL, 2627 ko 2601 a SQL Server, ORA-00001 a Oracle. Manhaja ta kama wannan ta gaya wa mai amfani da ita cewa an riga an yi rajista, ko kuma a bar wa rumbu hukuncin a umarni ɗaya:

```sql
INSERT INTO mambobi (suna, imel)
VALUES ($1, $2)
ON CONFLICT (lower(trim(imel))) DO NOTHING;
```

PostgreSQL yana da wannan tun siga 9.5, SQLite tun 3.24, MySQL kuma yana da `ON DUPLICATE KEY UPDATE`. Ka guji `INSERT IGNORE` na MySQL, yana haɗiye wasu kurakuran da ba na maimaici ba. Shi ma `REPLACE` share tsohon layi yake yi ya sa sabo, abin da ke iya tayar da `CASCADE`.

Idan ba ku share layi da gaske, alama kawai kuke sa masa, ɗora fihirisar a kan rayayyu kaɗai ta ƙara `WHERE ranar_cirewa IS NULL`. PostgreSQL, SQLite da SQL Server suna karɓar irin wannan. Rubutu kuma a tsabtace shi a wuri ɗaya kafin ajiya, duk hanyoyin shiga su bi ta nan.

Saura abin da ba shi da ginshiƙin da zai bambanta shi, kamar biya: mutum yana iya biyan adadi ɗaya sau biyu a rana ɗaya da niyya. A nan mai aikawa ne zai ƙirƙiri lambar buƙata, UUID misali, tun lokacin da aka buɗe fom, ya riƙa turo ta duk sanda ya sake gwadawa. A ajiye ta a ginshiƙi mai `UNIQUE` da `NOT NULL`. Buƙata ta biyu mai lamba ɗaya idan ta iso, manhaja ta nemo layin farko ta mayar da amsarsa kamar yanzu aka yi. A rumbunan da ba sa tilasta mabuɗi kuma, a loda cikin teburin wucin gadi, a tace, a shigar da `MERGE`, sannan a sa tambayar ƙirga ta mataki na 1 ta riƙa gudana bayan kowane lodi, ta tsayar da aikin idan ta dawo da ko layi ɗaya.